Littafin aikina a kan huhu da gubar farakwat

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau Malam ya sa hannu a kan taken aikina na digiri na biyu, bayan wata biyu ina kai masa yana dawo min da shi. Zan duba abin da maganin ciyawar nan farakwat yake yi wa huhun ɓera a kwanakin farko, musamman enzayim, wato furotin masu hanzarta aikin sinadarai a jiki, waɗanda ke kare huhu daga ɓarnar oksijin. Na buɗe wannan littafi don in riƙa ajiye abin da na yi, abin da na kashe, da inda na yi kuskure, saboda 'yan ajinmu biyu za su bi hanya irin wannan, kada su faɗa ramin da na faɗa.

Ba sauƙi na bi na zaɓi wannan aiki ba. A daminar 2023 ɗan Kawuna, yaro ɗan shekara tara, ya bi yayyensa gona. Ƙishirwa ta kama shi, ya tarar da gorar lemo a gindin bishiya ya kurɓa, ashe ragowar maganin feshi ne aka juye a ciki. Ya yi amai nan take, aka ɗura masa madara da manja, aka ce ai ya fita. Bayan kwana biyu bakinsa ya yi gyambo, ko kunu ba ya iya haɗiya, sai aka kawo shi asibiti a birni. Mako ya zagayo yana magana, har yana tambayar awakinsa, sannan numfashi ya fara gagararsa. A kwana na goma sha shida Allah ya karɓi abinsa. Abin da ya tsaya wa Kawu a rai shi ne tukunyar oksijin tana nan gefen gado, amma likita bai yarda a sa masa ba sai can da abin ya yi tsanani. Duk sanda maganar ta taso sai ya ce, "Iskar ma hana shi suka yi." A lokacin ba ni da amsar da zan ba shi.

Laraba, 8 ga Janairu

Na miƙa takardar neman izini ga kwamitin da ke duba binciken da ya shafi dabbobi. Kafin su amsa ba zan taɓa ɓera ko ɗaya ba. Na yi lissafin aikin gaba ɗaya, ya kama wajen naira 430,000. A hannuna akwai 270,000: kuɗin adashina da abin da Yaya ya turo.

Asabar, 11 ga Janairu

Karatu kawai na yi, tun hantsi har la'asar. Huhun baligi yana da ƙananan jakunkunan iska kusan miliyan 480, kuma bangon da ya raba iska da jini a cikinsu bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Wannan siririn bango shi ne komai. Idan ya huje, ruwan jini mai furotin yana tsiyaya cikin jakunkunan, santsin da ke hana su mannewa ya lalace, mutum ya riƙa jan iska amma jini ba ya samun rabonsa. A 1967 Ashbaugh da Petty da abokan aikinsu a Denver ta Amurka suka bayyana marasa lafiya 12 masu wannan hali a mujallar Lancet, daga nan ciwon da likitoci ke kira ARDS ya sami suna. Abubuwan da ke kawo shi suna da yawa: limoniya, guba a jini, haɗarin mota, amai da ya koma huhu, shaƙar hayaƙi.

A 1994 aka ware mataki mai ɗan sauƙi aka kira shi raunin huhu na farat ɗaya, sai ma'anar Balin ta 2012, wato ƙa'idar gane ciwon da masana suka tsara a birnin Balin na Jamus, ta soke wannan suna a asibiti, ta raba ciwon gida uku gwargwadon ƙarancin oksijin a jini. Amma a binciken dabbobi har yanzu da tsohon sunan ake amfani, don haka shi zan riƙe. Abin da ya fi burge ni shi ne gyaran da aka yi a Kigali ta Ruwanda, wanda aka wallafa a 2016. Likitocin sun ga cewa ma'anar Balin tana buƙatar injin numfashi da gwajin jinin jijiya, waɗanda asibitoci irin namu ba kasafai suke da su ba, sai suka yi amfani da ɗan maƙalin nan da ake sa wa a yatsa da hoton sikanin. In babu irin wannan gyara, mutane za su yi ta mutuwa da ciwon a wajenmu, a takarda kuwa a ce babu shi.

Talata, 14 ga Janairu

Malam ya miƙo min alli ya ce, "Zana min hanyar. Idan ba ki iya zana ta ba, ba ki san abin da za ki auna ba." Na yi awa ɗaya a gaban allo, gumi na keto min duk da hunturu. Ga yadda muka ƙare, na rubuta tun ban manta ba.

Oksijin da muke shaƙa, mafi yawansa jiki yana mayar da shi ruwa lafiya lau. Amma ɗan kaɗan yakan karɓi ilektaron guda ɗaya rak, ya zama sufaroksayid, abu mai neman wanda zai ciza. Enzayim ɗin SOD, wanda McCord da Fridovich suka gano aikinsa a 1969, shi ke fara tare shi, ya mayar da shi haidurojin feroksayid. Iri uku ne: mai tagulla da zink a ruwan ƙwayar halitta, mai manganis a cikin mitokondiriya, da na uku da ke zaune a wajen ƙwayoyin, wanda huhu yake da shi da yawa. Feroksayid ɗin ma ba abin bari ba ne, domin idan ya gamu da ƙarfe sakakke sai ya haifi haiduroksil, wanda babu enzayim ɗin da ke iya kama shi saboda saurinsa. Don haka katalas da gulutatayon feroksidas suke rige-rigen mayar da feroksayid ruwa. Na biyun yana aiki da sileniyom, yana kuma cinye wani sinadarin kariya mai suna gulutatayon, wanda sai an sake sabunta shi da NADPH, sinadarin da ke ɗauko ilektaron a cikin ƙwayar halitta. Muddin masu tsaro sun fi ƙarfin masu cizo, lafiya. Idan ma'auni ya karkata, kitsen da ke bangon ƙwayoyin halitta ya fara lalacewa kamar man gyaɗan da ya daɗe a rana ya canza wari. Wannan karkata ita Helmut Sies ya raɗa wa suna a 1985, ni kuma a nan zan riƙa ce mata ɓarnar oksijin.

Sai Malam ya ce, "To ina farakwat ya shigo?" Nan na tsaya cak. Shi ya ƙarasa. Ƙwayoyin da ke shimfiɗe a jakunkunan iska suna da ƙofar da suke jawo wasu sinadarai na jiki, foliyamin, kuma farakwat ya yi kama da su, sai huhu ya riƙa tara shi da kansa har ya ninka abin da ke cikin jini. A ciki, wasu enzayim suna ciro ilektaron daga NADPH su ba shi, shi kuma ya miƙa wa oksijin, ya koma yadda yake, ya sake karɓa. Ba ya ƙarewa, dillali ne kawai. Kowane zagaye sabon sufaroksayid, kowane zagaye kuma NADPH yana raguwa, wato da bugu ɗaya yana hura wuta yana kuma huda tulun ruwan kashe ta. Kuma babu gaɓar da ta kai huhu yawan oksijin.

Ya ɗauki allin ya ja layi a ƙarƙashin kalmar oksijin. "Ƙara masa wannan, me kika ƙara?" Na ce, "Itace a wuta, Malam." Da na fito na zauna a bayan ɗakin gwaji na daɗe ban tashi ba. Likitan da ya duba ɗan Kawu ya san abin da yake yi.

Alhamis, 16 ga Janairu

Baba, wanda ya fi shekara ashirin yana kula da ɗakin gwajinmu, ya ba ni shawarar da ta cece ni kuɗi: kada in koyi gwaji a kan ɓeraye masu tsada, in je mahauta. Da asuba na je na sayo huhun rago da guntun hanta, naira 2,500, na zuba a kula da ƙanƙarar 600. Mahaucin ya tambaye ni ko miya zan yi, na ce makaranta zan kai, ya ƙara min wani yanki.

Kafin mu fara komai Baba ya yanki hanta kamar ƙwayar wake ya jefa a kwalbar gwaji, ya zuba feroksayid. Kumfa ta taso fari fat har ta malalo ta gefen kwalbar ta jiƙa masa yatsu. Ya kunna tsinken ashana ya hure, ya kusantar da jan garwashin bakin kwalbar, wuta ta sake kamawa. "Oksijin ke nan, 'yata. Katalas ne ya sake shi." Sai ya dafa wani yankin ya maimaita, ko ƙwayar kumfa babu. Na sha karanta cewa katalas guda yana farfasa miliyoyin feroksayid a daƙiƙa, na kuma san zafi yana kashe enzayim, amma yau na gani da idona. Na niƙa huhun a cikin bafa mai sanyi, wato ruwan da ke riƙe ma'aunin tsami (pH) kada ya canza, muka wulwula a injin, na raba ruwan saman a ƙananan robobi goma sha biyu na sa a firiza.

Talata, 21 ga Janairu

Kwana biyu sun tafi a banza. Na so in auna katalas da hanyar Aebi ta 1984, inda ake kallon yadda feroksayid ke raguwa a tsawon haske 240. Na'urar ta ƙi sauka sifili, lambobin suna ta tsalle a can sama. Na canza bafa, na sake haɗa feroksayid, na wanke komai da ruwan da aka tace, duk a banza. Har na fara zargin fitilar na'urar. Yau da rana Baba ya leƙo, ya ɗaga kubet ɗin da nake amfani da shi, 'yar kwalbar da ake zuba samfur a sa a na'urar, ya ƙwanƙwasa da farce. Na roba ne. Irin wannan roba tana shanye hasken 240 gaba ɗaya, sai na kwaz ne hasken ke ratsawa. Laifina ne, an faɗa mana wannan tun aji biyu.

Na tambayi kuɗin na kwaz guda biyu, aka ce 48,000. Ba zan iya ba. Na koma hanyar Sinha ta 1972: a tsayar da aikin enzayim da haɗin dayikuromet da asid, a dafa minti goma, ragowar feroksayid ya ba da launin kore, a karanta a 570, inda kubet na gilashi ya wadatar. Ta fi cin lokaci, kuma dayikuromet guba ne, sai da safar hannu, ragowar kuma a tara a kwalba ta musamman, ba a zuba a kwata. Na sayi sabon feroksayid 9,000, domin tsohon da ke kan kanta ya sha zafi da haske, ƙarfinsa ya ragu.

Juma'a, 24 ga Janairu

Hanyar Sinha ta zauna. Na maimaita sau uku, amsoshin sun yi kusa da juna. Na gwada gulutatayon da sinadarin Ellman, launin ruwan ɗorawa ya fito tas a 412. Na auna furotin da Biyuret.

Talata, 28 ga Janairu

SOD ya ba ni wahala. Hanyar Misra da Fridovich ta 1972 a takarda mai sauƙi ce: adiranalin a cikin bafar kabonet mai pH 10.2 yana lalacewa da kansa ya koma ruwan hoda, SOD kuma yana rage saurin wannan canji, sai a karanta a 480. Don in rage kashe kuɗi na je kemis na sayo adiranalin na allura guda biyar, 4,000. Na zuba a bafa na zuba ido, minti uku, minti biyar, ruwa garau kamar na rijiya. Idan kwalbar da babu samfur ba ta canza launi ba, babu abin da SOD zai hana, babu abin aunawa ke nan.

Na duba pH, daidai yake. Sai da dare na ɗauko kwalin na karanta ƙananan rubutun: akwai metabayisalfayit, wanda kamfani ke sawa takanas don kada maganin ya lalace. Na sayi abin da aka tsara don kada ya yi abin da nake so ya yi. Garin adiranalin tsantsa nake buƙata, a narka a ɗan asid mai rauni, a rufe kwalbar da takardar azurfa, a haɗa sabo kowace rana. Wata ɗaliba a sashen harhaɗa magunguna tana da shi, mun yi musaya: ta ba ni ɗan gari, na ba ta rabin sinadarin Ellman ɗina.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Rana mai daɗi. Izini ya fito, da sharaɗi biyu: a sumar da dabba sosai kafin a buɗe ta, kuma duk wadda ta galabaita a kawo ƙarshen wahalarta ba tare da jiran ranar da aka tsara ba. Na ji daɗin sharaɗin, dama abin yana damuna.

Gwajin MDA ma ya yi. MDA gutsuren da ke fita ne idan kitsen bangon ƙwaya ya lalace, don haka shi ne sawun ɓarnar. Na bi hanyar Ohkawa ta 1979, awa ɗaya a ruwa mai zafin 95. Baba ya kawo ƙananan ƙwallayen gilashi irin na wasan yara ya ɗora a bakin kowace kwalba don kada ruwan ya ƙone. Launin hoda ya fito, na karanta a 532. Ya gargaɗe ni kada in niƙa nama a bafa mai sukari, domin sukari ma yana ba da launi ya yaudari mutum.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Fararen ɓeraye nau'in Wistar guda shida sun iso don gwajin share fage, 3,500 kowanne. Buhun abinci 21,000, dusar katako 1,500. Da dare sanyi yake, na toshe tagar ɗakin da kwali. Za su huta kwana goma su saba da wuri.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Awo, shara, canza ruwa. Duk suna ci, nauyi yana ƙaruwa.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Ranar Litinin muka ba uku maganin, uku kuma ruwan gishiri kawai. Malam ne ya auna da hannunsa, da safa biyu da tabarau, ya kulle ragowar a akwatin ƙarfe. Zuwa Laraba ukun sun daina ɗokin abinci, gashinsu ya tashi, haƙarƙarinsu yana hawa da sauka da sauri. Na tsaya a bakin kejin ina kallon numfashin nan, na san shi, na taɓa ganinsa a gadon asibiti. Ban iya cin abincin rana ba.

Yau muka sumar da su muka buɗe. Huhun mai lafiya launin hoda ne mai haske, taushi kamar soso, yana lotsawa da zarar an buɗe ƙirji. Na waɗanda aka ba maganin ja ne mai duhu, da tabo-tabo, ya yi nauyi, da aka yanka sai ɗan ruwa mai kumfa ya biyo wuƙa. Na ɗaure ɓangare guda na cire na auna shi ɗanye, zai kwana uku a tanda mai zafin 60 in sake aunawa. A huhu mai lafiya ɗanyen nauyi yakan ninka busasshe sau huɗu zuwa biyar, abin da ya haura haka ruwa ne ya shiga.

Na yi kuskure babba a ɓeraye biyu na farko, ɗaya mai lafiya ɗaya mai ciwo: na cire huhun na niƙa ba tare da wanke jinin cikinsa ba. Ruwan ya fito jajir. Malam ya shigo ya gani ya ce, "Wannan jini za ki auna, ba huhu ba." Jajayen ƙwayoyin jini cike suke da katalas da SOD, kuma huhu mai ciwo ya fi tara jini, don haka sai in ga enzayim ya hau in ɗauka huhun ne ya kare kansa. Jan launin kansa ma yana shiga karatun MDA. Ya nuna min yadda ake yi: a sa allura a ɓangaren dama na zuciya, a tura ruwan gishiri mai sanyi a hankali, huhun ya riƙa washewa a gaban idonka har ya koma fari. Sauran huɗun haka na yi musu. Mun gama ƙarfe bakwai na dare, na sa komai a firiza.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Innalillahi. An ɗauke wuta tun daren Juma'a, janaretan ginin kuma babu mai, ba wanda ya sanar da ni. Na zo da safe na buɗe firiza, ruwa ya biyo ƙofa ya zubo min a ƙafa. Robobin suna iyo a cikin tire, babu sauran sanyi a jikinsu.

Duk da haka na auna, don in ga girman asarar. MDA ya hau har a ɓerayen da ba a ba komai ba, gulutatayon kuma ya kusa ɓacewa a kowane samfur. Haka dama zai kasance, domin abin da nake aunawa bai tsaya don dabbar ta mutu ba. Muddin akwai iska da ɗumi, kitse zai ci gaba da lalacewa a cikin roba. Babu lamba ɗaya a nan da zan yarda da ita. Abin da ya tsira shi ne awon nauyi, tunda busar da naman ake yi a tandar da ke wani gini: duka ukun da aka ba maganin sun fi sauran ruwa. Sai guntayen da na jiƙa a fomalin don duba su a madubin ƙara girma.

Na yi kuka, ba don kuɗi kawai ba. Rayuka shida ne, kuma rabin abin da aka ɗauke su dominsa ya tafi. Daga yau ga dokata: gulutatayon, katalas da SOD a auna su a ranar da aka buɗe dabba, ko da za a kai dare. Kada a buɗe fiye da huɗu a rana, kuma kada a yi daga Laraba zuwa sama. Samfurin MDA a ɗiga masa BHT, sinadarin da ke hana kitse ci gaba da lalacewa, tun wajen niƙa. Abin da dole a ajiye a raba shi biyu, rabi a nan, rabi a firizar wata baiwar Allah mai sayar da ƙanƙara da ke da sola, ta yarda a kan 3,000 a wata, a cikin kula mai kulle. Na ware 15,000 na fetur don ƙaramin janaretan Baba.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Mun zauna da Malam a kan babban gwajin. Ya ƙara min enzayim guda, MPO, kuma na ga hikimarsa. Duk waɗanda nake aunawa masu tsaro ne, ban sa ko ɗaya daga masu kai hari ba. Da bango ya fara lalacewa, fararen ƙwayoyin jini nutirofil suna tururuwa zuwa huhu. Suna da NADPH oksidas wanda ke ƙera sufaroksayid da gangan don kashe ƙwayoyin cuta, sannan MPO ya haɗa feroksayid da kuloraid ɗin gishiri ya fitar da dangin abin da ke cikin ruwan Hypo na wanki. Shi kansa MPO kore ne, shi ke rina kaki da mugunya. Suna kuma sakin ilastas mai yanka zaren huhu. Jiki yana da furotin da ke riƙe ilastas, alfa-1 antitiripsin, amma ɓarnar oksijin tana taɓa amino asid guda a jikinsa, metiyonin na 358, ya kasa riƙo. Wannan shi ke haɗa gubar farakwat da ARDS na limoniya ko na guba a jini: ko daga ina wutar ta tashi, sojojin jiki suna ƙara ta. Sinadaran gwajin sai an yi oda daga Legas, 62,000.

Inda muka ɗan saɓa shi ne ganyen zogale. Malam yana so a sa rukunin da za a ba ruwan zogale, a gwada shi da NAC, maganin da ke taimaka wa jiki ƙera gulutatayon. Na ce, "Malam, ina tsoron yadda za a ɗauki sakamakon a gari." An gwada NAC a kan masu ARDS bai nuna yana rage mutuwa a fili ba. Gwajin CITRIS-ALI na 2019 ya ba marasa lafiya bitamin C ta jijiya, mutum 167 a binciken, manyan abubuwan da aka sa a gaba ba su canza ba. Maganin sibelestat mai toshe ilastas an amince da shi a Japan, amma babban gwajin ƙasa da ƙasa bai ga amfaninsa ba. Abin da ya rage mutuwa a fili dabara ce ta injin numfashi: gwajin shekarar 2000 da ya rage yawan iskar da ake turawa daga mililita 12 zuwa 6 a kowane kilo, mutuwa ta sauko daga kusan kashi 40 zuwa 31 cikin ɗari. Ɓera kuma yana ƙera bitamin C ɗinsa da kansa, mu ba ma yi. Kada wani ya ji a rediyo cewa zogale yana maganin gubar feshi, ya zauna a gida yana dafa ganye alhali sa'o'in farko ne ake iya ba da gawayin asibiti ya kama gubar tun tana ciki.

Ya saurare ni har na gama. Ya ce a bar rukunin, amma a rubuta iyakar sakamakon ɓaro-ɓaro a babi na biyar, kuma shi zai tsaya min a gaban masu jarrabawa. Na yarda.

Lahadi, 2 ga Maris

Na je gida don fara azumi. Bayan shan ruwa na sami Kawu a kan tabarmarsa a ƙofar zaure, na durƙusa na gaishe shi, na ce akwai maganar da nake so in yi masa. Ban ambaci enzayim ba. Na ce maganin nan idan ya shiga jiki huhu yake tafiya ya zauna, kuma iskar tukunyar nan ita ce abincinsa, shi ya sa likitoci suke jinkirta ta sai in babu makawa. Ya yi shiru yana jan carbi. Can ya ce, "Wato ba don ba mu da kowa ba ne?" Na ce, "A'a Kawu, ko ɗan sarki ne haka za a yi masa." Ya share ido da gefen rawani ya ce Allah ya yi min albarka. Sai ya kira babban ɗansa ya ce ya ɗauko fitila, muka zaga bayan rumbu. Akwai gorunan lemo uku da ragowar magani a ciki, ɗaya ma ba murfi. Muka juye su a jarkarsu ta asali mai rubutu, aka sa a tsohon akwatin ƙarfe aka ɗana kwaɗo, gorunan kuma aka huda su don kada wani ya sake zuba ruwa.

Lissafi zuwa yau: na kashe 118,000, saura 152,000, ga odar Legas tana jira. Na rage ɓerayen babban gwaji daga 30 zuwa 24, rukuni huɗu, shida-shida. Gobe zan tura kuɗin sinadaran MPO. Kafin su iso zan koma mahauta in sayo sabon huhu in maimaita SOD har sai amsa uku a jere sun yi daidai, in kuma gwada ko zan iya gama gwaji huɗu a yini guda da azumi a bakina. Ɓerayen sai bayan Sallah, lokacin zafi ya shigo, don haka akwai maganar fanka a ɗakinsu da zan yi wa Baba ranar Talata.